Buhun Irin da Na Ɓoye



Babu mai bi a cikinmu wanda bai san an umurce mu da ƙaunar juna ba. Mun ji a wa'azi, mun koya wa 'ya'yanmu a makarantar Lahadi. Amma ranar Lahadi ƙauna ba ta da tsada, gama gaisuwa ce da ba da hannu. Ran Litinin a fadama ne mutum yake sanin kuɗinta, sa'ad da wani ya zo neman aron inji, ko iri, ko yini ɗaya na ƙarfinka, kai kuwa kana bukatar abin nan da kanka. Ina so in ba ku labarin ranar da aka gwada ni na fāɗi, sa'an nan mu duba tare abin da ƙungiyoyinmu na gama kai za su yi.

Kwarin da muke ci a cikinsa

Gulbin Rima yakan haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Augie da Argungu, ya wuce ta gindin Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, har ya zuba a Kwara. Duk tsawon tafiyarsa yana shimfiɗa fadama mai faɗi, wadda ta mai da Jihar Kebbi ɗaya daga cikin manyan wuraren shinkafa a Nijeriya. Kakanninmu sun noma ta da damina, sun dogara ga cikowar gulbi. Mu kuwa mun sami ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, har muna noma ta da rani. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babbar ma'aikatar gyaran shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Shinkafa ta yi daraja, mutane da yawa sun koma gona.

Amma ruwan da yake ciyar da mu shi ne kuma yake cinye mu. A Satumba 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya kwararo daga madatsar Goronyo, ya karya gadar da take kan hanyar jami'ar Sakkwato, ya shafe gonaki da ƙauyuka har ƙasar Argungu. An sake yin ambaliya a 2012. Ta 2020 kuwa ba wanda zai manta da ita. Shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa sun ce wajen hekta 450,000 ruwa ya ci a jihar nan kaɗai. Wanda ya tsaya a kan tudu a Birnin Kebbi a watan Satumba na shekaran nan ya dubi fadama, ruwa zai gani har iyakar ganinsa, da kwalekwale yana yawo a kan gonakin mutane.

Ranar da Baba ya yi mini sallama

Ni ma ruwa ya ci gonata ta damina duka. Abin da ya rage mini shi ne buhu biyu na irin FARO 44, wanda na ware tun girbin rani na ajiye a ɗaki a kan tudu. Gonata ta rani hekta ɗaya ce. Duk wanda yake yin reno ya dasa ya sani kilo 25 zuwa 30 sun ishi hekta guda. Watau ko rabin buhu ba zan ƙarar ba.

Akwai wani dattijo wanda gonarsa take iyaka da tawa. Musulmi ne, ya kai sa'ar mahaifina, shekara da shekaru muna gaisawa a kan kunya ɗaya. Gidansa yana gangare, ruwa ya shiga ya jiƙa abin da ya ajiye, ya tsiro a cikin buhu. Wata safiya cikin Disamba, lokacin zuba iri, ya yi sallama a ƙofar gidana. Bayan mun gaisa, muka yi wa juna jaje, sai ya ce, "Malam, na zo ne ko Allah zai sa kana da ragowar iri. Ko mudu goma ne, in an yi girbi in mayar maka."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ayya, Baba, ai ka san yadda shekarar take. Abin da ya rage ko ni ban san zai ishe ni ba."

Ya ce, "Ba kome, Malam. Allah ya rufa asiri." Ya sa takalmansa ya tafi.

Da na shiga gida uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, buhu biyu fa ke ɗaki." Na ce mata ba ta san lissafin gona ba. Na kawo dalilai: in sanyin hunturu ya kashe reno fa, a sake zubawa? In jan-baki ya sauko fa? Ga kuɗin makarantar yara, ga farashin iri yana hawa kowace kasuwa. Dalilan nan kowannensu gaskiya ne. Amma ni na sani a zuciyata mudu goma ba za su taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsoro ne ya kama ni, da kwaɗayin abin da buhu zai kawo in na jira wata guda.

Daga baya na ji inda Baba ya samo iri. Ya je wurin wani mai kuɗi a kasuwa, ya karɓi iri da taki da kuɗin mai, a kan sharaɗin buhu ɗaya a mayar da biyu, ya kuma sa wani yanki na gonarsa jingina.

Cikin Maris, sa'ad da shinkafata ta yi ciki, rana kuwa ta buɗe, injina ya mutu. Kowa ya sani shinkafar da ta rasa ruwa a wannan lokaci ƙaiƙayi za ta ba ka. Makaniki ya ce sai an nemo kayan gyara, kwana huɗu ko biyar. Ina tsaye a bakin fangali ban san abin yi ba, sai ga ɗan Baba yana janye da mesa. Ya ce, "Baba ya ce a juyo maka ruwa in mun gama namu." Kwana biyar suna ba gonata ruwa da dare. Da na kai kuɗin mai, dattijon ya karɓi rabi da kyar, ya ce, "Haba Malam, in taka ta ƙone ina kallo, me zan ce wa Allah?"

Bai taɓa tuna mini da maganar iri ba, ko da wasa. Ni na girbe gonata lafiya. Shi kuwa bashin ya fi ƙarfin girbinsa, yankin nan na jingina ya zauna a hannun mai kuɗi har shekara biyu.

Inda na ga kaina a cikin Littafi

Na sha yin wa'azi a kan misalin Basamariye a Luka sura 10. Kullum nakan sa kaina a wurin Basamariyen. A ranin nan ne na gane ni ne firist ɗin da ya ga mutum kwance ya ratse. Firist da Balawi ba mugaye ba ne, masu aikin Haikali ne, watakila kuma suna da dalilai masu kyau kamar nawa. Wanda ya tsaya kuwa baƙo ne, daga kabilar da Yahudawa ba sa shiri da ita. Ya yi amfani da mansa da dabbarsa da kuɗinsa, ya ɓata tafiyarsa, bai kuwa san ko mutumin zai farfaɗo ya gode masa ba.

Kuskurena shi ne ina jiran in sami yalwa kafin in yi alheri. Manomi kuwa ba ya taɓa ganin yalwa. In rumbu ya cika, sai ya tuna da baɗi. Ku karanta 2 Korintiyawa sura 8, ku ga yadda Bulus ya yabi ekklesiyoyin Makidoniya: suna cikin tsanani da talauci ne suka roƙa a bar su su sa hannu cikin gudummawar 'yan'uwa na Urushalima. Ku duba kuma gwauruwan nan ta Markus sura 12, wadda Yesu ya fifita 'yan kuɗinta biyu a kan baikon mawadata. A fadamar da ruwa ya ci, kowa mai hasara ne. In sai wanda bai yi hasara ba ne zai taimaki wani, to, ba mai taimakon kowa.

Akwai wani abu kuma. Yawancin alherin da muke yi biki ne: na kai maka gudummawa ranar aurenka domin ka kawo mini ranar nawa. Wannan ba laifi ba ne, zumunci ne, yana kuma riƙe gari. Amma a Luka sura 14 Ubangiji ya ce wa mai gidan da ya gayyace shi ya riƙa kiran waɗanda ba su da halin rama masa. A nan ne ƙaunar Almasihu ta wuce adashi. Shi ya ba da ransa dominmu tun ba mu da abin biya, har yau kuwa ba mu da shi.

Maƙwabcin da ba ya shiga ɗakin sujadarmu

Mu masu bi kaɗan ne a kwarin nan. Wanda yake iyaka da kai a fadama galibi Musulmi ne, ko Bakabe, ko Bazabarme, ko Bafillace mai kiwo. Wani ɗan'uwa ya taɓa ce mini, "Mu fara da namu tukuna." Gaskiya ne ba za mu bar gwaurayen ekklesiya da yunwa ba. Amma ku tuna da lokacin ambaliya. Sarkawan da suka riƙa kwashe mutane da kwalekwale, wa suka tambaya addininsa kafin su ɗauke shi?

Tarihin ƙasar nan ma yana da abin koya mana. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe yawancin ƙarni na 19 suna yaƙi. Amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga nan ne bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. In jikokin maƙiya sun iya zama a tabarma ɗaya, mu da aka ce mu yi addu'a domin masu tsananta mana ba mu da hujjar zaɓen wanda za mu taimaka.

Kada kuma alherinmu ya zama ƙugiya mai ɗauke da tana. Wanda ya ba da iri domin a zo sujada ciniki ya yi. Ka ba shi domin yana bukata, domin kuma Allah ne ya halicce shi. Sauran aikin na Ubangiji ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Na lura da abu guda a kaina: ranar da tsoro ya kama mutum, zuciyarsa ba abin dogara ba ce. Saboda haka ya kamata mu yanke shawarar yin alheri tun rumbu yana cike, mu rubuta ta a cikin dokokin ƙungiya, domin ranar wahala ta tarar an riga an gama magana. Allah da kansa haka ya yi wa Isra'ila. A Littafin Firistoci sura 19 ya kafa doka a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo, bai bar abin ga yadda mai gona ya tashi da safe ba. Ta wurin dokan nan ce Rut, baƙuwa daga Mowab, ta sami abinci a gonar Bo'aza. Ga abubuwa shida da kowace ƙungiya za ta iya tattaunawa.

1. Rumbun iri. Da girbin rani kowane ɗan ƙungiya ya kawo mudu biyar na iri mai kyau, busasshe, ba gauraye. A ajiye a kan tudu, a bisa katako, ba a ƙasa ba. Mutum ashirin sun tara mudu ɗari ke nan. Wanda ruwa ya ci, ko ɗan ƙungiya ne ko ba shi ba ne, a ba shi, ya mayar da mudu a kan mudu, ba ƙari. Kafin a raba a gwada: a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a tsumma mai laima, bayan mako guda in 80 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. Ku tambayi malamin gona kuma labarin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu iya jure nutsewa cikin ruwa har wajen mako biyu.

2. Layin inji. In ƙungiya tana da injin ban ruwa, a rubuta layi a manna inda kowa zai gani. Gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya su ne farko, shugaba da ma'aji su ne ƙarshe. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mai ya zama babban kaya a kan mai noman rani. A ware ɗan abu a asusu domin wanda shinkafarsa ta yi ciki ba shi da kuɗin lita ɗaya.

3. Gayya. Dashe ba ya jira. Reno in ya wuce mako uku zuwa huɗu ya fara tsufa, amfaninsa ya ragu. In ɗan'uwa yana kwance, ko an yi masa rasuwa, a sa rana a dasa masa. A kuma gaya masa tun da wuri kada ya dafa kome, kowa ya zo da furarsa. Sau da yawa kunyar rashin abin ciyar da 'yan gayya ita take hana matalauci kiranta.

4. Bashi. Mun gani a shirin bashin 2015 yadda aka tara manoma ƙungiya-ƙungiya, rashin biyan wani ya shafi sunan sauran. A rarrabe tsakanin wanda ruwa ya ci da wanda ya sayar da taki ya yi hidimar gabansa. Na farko a ɗaga masa, a tallafe shi. Na biyu dattawa biyu su same shi a keɓe su faɗa masa gaskiya, gama barin mutum cikin rashin gaskiya ba ƙauna ba ce. Kada kuma a sami mai bi yana ba da buhu ɗaya domin ya karɓi biyu.

5. Mudu da lada. Mudun da kake saye da shi, da shi za ka sayar. Matan da suke yi maka shiƙa, da samarin da suka zo daga nesa suna yanka da bugu, a biya su ran da aka yi alkawari. Yaƙub sura 5 ta yi kashedi mai zafi a kan mai gonar da ya danne ladan masu girbi. Masu kala kuma kada a kore su.

6. Makiyayi. Kada mu nome burtali ko mashaya, sa'an nan mu yi kukan ɓarna. In an gama bugu, maimakon a cinna wa tattaka wuta, a aika wa Ardo ya kawo shanu. Su sami abinci, gona ta sami taki, gaba kuma in an sami saɓani akwai fuskar da aka sani.

Masu cewa za a cuce mu

Na san abin da wasu za su ce a taro: in mun buɗe hannu haka, za a ɗauke mu wawaye, wani zai karɓa ya ƙi mayarwa. Lalle za a sami irin wannan. Shi ya sa muke da magatakarda da littafi, domin a san abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban kowa. Riƙon amana ga dukiyar ƙungiya shi ma ƙauna ce ga waɗanda suka tara ta. Amma bayan an yi duk abin da ya kamata, za a yi hasara wani lokaci, sai mu ɗauka. Cikin kutare goma da Yesu ya warkar, ɗaya ne ya komo ya yi godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran tara ba.

Kada kuma in yi muku alkawarin da Littafi bai yi ba, cewa in ka ba da mudu goma za ka girbe buhu goma. Baba ya ba ni ruwa, duk da haka gonarsa ta zauna a jingina. Alherinsa bai fanshe ta ba. Abin da ya fanshe ta daga baya shi ne na tashi a taron ƙungiyarmu na faɗi abin da na yi, da kunya mai yawa, muka haɗa abin da muka iya, shi ma ya sayar da akuyoyinsa ya cika. Shekara biyu na amfanin yankin nan kuwa sun tafi, ba mai mayar masa da su. Da na je neman gafararsa ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ya wuce." A wurinsa ya wuce. Ni dai duk sa'ad da na buɗe ɗakin ajiya nakan tuna.

A yi alherin kuma a rufe. Kada a kira sunan wanda aka taimaka a sanarwar Lahadi, kada a sa shi ya tashi ya yi godiya a gaban jama'a. Mutum biyu su kai masa da dare. Wanda ya rasa amfanin gonarsa bai kamata a karɓe masa mutuncinsa kuma ba.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. A ambaliyar da ta wuce, wa ya taimake ka wanda ba ka zata ba? Ka koma ka gode masa?

2. A fadamarku, su wane ne ba su da inji, ba su da mai tsaya musu? Ku ƙirga su, har da waɗanda ba na ekklesiya ba.

3. Cikin abubuwa shida na sama, wanne za ku iya farawa da girbin bana? Wa zai riƙe littafi, a ɗakin wa za a ajiye iri?

'Yan'uwa, gulbi zai sake cikowa, ba mu san ko bana ko baɗi ba. Ranar nan wani zai yi sallama a ƙofar gidanka da safe, ya ce ko kana da ragowar iri. Ubangiji ya ba mu zuciyar da ta riga ta shirya amsa. Amin.